Yadda ake ƙirƙirar jarumar littafin zane wadda 'yan matan Sakkwato za su ce tasu ce

Jarumar farko da na taɓa zanawa, yarinya 'yar shekara 11 ce ta kashe mini ita da tambaya uku. Ɗiyar yayata ce. Na yi kusan mako biyu ina fama da zanen: doguwar mace, gashi har gadon baya, takalmi mai tsini, ta dunƙule hannu tana keta sararin sama a kan Babbar Kasuwa. Na miƙa mata takardar ina jiran yabo. Ta ƙura mata ido, ta juya bayanta ko akwai saura, sannan ta ce, "Kawu, wagga ɗiyaw wa ta? Ina gidansu? Kuma da wanga takalmi za ta bi yashi?"

Shiru na yi, don ba ni da amsa ko ɗaya. Baturiya na kwafo na shafa mata baƙi. Abin da zan jero a nan shi ne hanyar da na koma bi tun daga ranar, ga duk mai son ya yi, ko ta yi, ɗan littafin zane, wanda wasu ke kira kwamik, mai shafi takwas, da yarinya mai baiwa ta musamman a matsayin jaruma. Kayan aikin ba su fi ƙarfin ɗan makaranta ba.

Na farko: a ba ta gida kafin a ba ta ƙarfi

Kada ka taɓa fensirin zane tukuna. Ɗauki biro da fallen takarda ɗaya ka amsa tambayoyin da maƙwabciya za ta yi idan aka ce an kawo baƙuwa unguwa. Shekararta nawa? Wace unguwa take? Da wa take kwana a ɗaki? Wane aiki ne nata a gida, wanda idan ba ta yi ba za ta sha faɗa? Me take so wanda ba a ba ta ba? Wane hali gare ta da ke jawo mata tsiya?

Tawa ta biyu na sa mata suna Kulu. Shekararta 13, gidansu na wajen Ƙofar Kware. Mahaifinta majemi ne, hannunsa kullum da launin jar fata. Mahaifiyarta tana suyar ƙuli-ƙuli. Da safe boko, da yamma Islamiyya, tsakanin biyun kuma ɗibar ruwa, aikin da ta tsana kamar mutuwarta. Tana da tsiwa, ba ta iya jira a gama magana. Ita da kakarta kullum suna cikin wasan jika da kaka, tsohuwar na ce mata "kishiya", ita kuma tana ɓoye mata goro.

Wannan ba ɓata lokaci ba ne. Lokacin da Marvel, kamfanin littattafan zane na Amurka, ya fito da jerin littattafan Kamala Khan a 2014, yarinya Musulma 'yar shekara 16 wadda iyayenta 'yan Pakistan ne mazauna Amurka, baiwarta ta miƙe jiki da faɗaɗa hannu ba sabuwa ba ce, an sha ganin irinta. Abin da ya kama masu karatu shi ne gidansu: uwa mai sa ido, uba mai hana fitar dare, yaya ustazu, zuwa masallaci, satar fita ta taga. Kundin farko ya ci kyautar Hugo, ta ƙagaggun labaran kimiyya da na al'ajabi, a 2015. Yarinyar da ke da wanda zai tambaye ta "daga ina kike?" ta fi marar kowa daɗin labari, don duk fitar da za ta yi ceton mutane sai ta biya kuɗinta a gida.

Na biyu: a duba abin da ke bayan ɗaki

Mu a nan ba mu da dalilin aron jaruntar mata daga waje. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi mace mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, a ɗora mata malfa a ɗaure da jan rawani. Jajin ta jagoranci tsofaffin mata da ƙananan 'yan mata su tako har wurin Nana su ɗauki karatu cikin waƙa, su koma su koyar da waɗanda aure bai bari su fito ba.

Mai zane ya sake karanta wannan da idon sana'arsa. Ga alamar da ake gane mutum da ita daga nesa, ga ƙungiya, ga tafiyar ƙasa mai haɗari, ga saƙon da ake ɗauke da shi a ka ba a takarda ba. Abin da kamfanonin waje ke biyan mutane su zauna su ƙirƙiro, mu tarihi ya ajiye mana shi. A labarina, Kulu ta tsinci tsohuwar malfa a ƙasan adakar kakarta, daga nan ta gano kakar kakarta jaji ce.

Sai dai a kiyaye: kada a zana Nana Asma'u kanta, balle Shehu ko Muhammadu Bello. Ba za a ɗauka ba, kuma da gaskiyar mutane. A ɗauki gadon, a bar masu gadon inda suke kwance da darajarsu. Wanda ke son jarumar fagen fama, marubuci ɗan Nijeriya Roye Okupe ya riga ya yi jarumar littafin zane Malika a 2017, wadda ya gina a kan labarin Amina ta Zazzau. Ga kuma Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Nijar, wadda ta tari rundunar Faransawa a 1899. In da hali, ka kashe wuni ɗaya a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ɗan littafinka, ka zana abin da ka gani, ba abin da kake zaton ka sani ba.

Na uku: baiwa, da iyakarta

A nan yawancin masu farawa ke faɗuwa. Su ba yarinya tashi sama, ƙarfin ɗaga tirela, wuta daga ido, ɓacewa. Wadda ta iya komai ba ta da labari, shafi biyu an gama.

Baiwa ɗaya ta isa, kuma ta fito daga matsalar garin. Mene ne ke damun Sakkwato? Ruwa: rashinsa a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 'yan ga-ruwa su zama sarakuna, da yawansa a damina idan gulbin Rima ya yi fushi. Duk wanda ya yi wayo a 2010 yana tuna ambaliyar watan Satumba da ta cinye gadar hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, aka koma ketarawa da kwalekwale. Saboda haka Kulu ruwa take ji. Sanƙarau ya kama ta tana shekara tara, ta tashi kunnenta na hagu ya mutu, amma idan ta taka ƙasa ba takalmi tana jin motsin ruwa ta tafin ƙafa: bututun da ya fashe a ƙarƙashin kwalta, jijiyar ruwa a ƙarƙashin fako, toroƙon da ke tahowa tun yana nesa. Idan ta tattara hankalinta tana iya karkata shi.

Sai ka rubuta dokoki uku, ka manna a bango, kada ka karya su ko labari ya ƙi tafiya. Nawa su ne: dole ƙafarta ta taɓa ƙasa, ƙarar janareta na rikita ta, duk lokacin da ta karkata ruwa, ƙishirwa mai tsanani na kama ta har ta kasa tsayuwa. Doka ta uku ita ce ta ba ni shafi mafi kyau da na taɓa yi, ranar da abin ya faru tana azumi.

Lalurar kunnen ba ado ba ce, kuma baiwar ba ta warkar da ita. A aji har yanzu sai ta juya kunnen dama, har yanzu wasu na kiranta kurma. Marubuciya Nnedi Okorafor ma ta fito da jaruma mai lalura a 2017, wato Ngozi, yarinyar Legas mai amfani da keken guragu, a wani gajeren labari da ta rubuta wa Marvel.

Batun inda baiwar ta fito kuwa, a yi hattara. Idan ka ce laya ce, ko aljani ya ba ta, ko wani boka, littafin ba zai wuce zauren gida ba, uba zai karɓe. Ka bar ta a matsayin baiwa daga Allah wadda yarinyar kanta ba ta gane kanta ba, ko ka bi ta hanyar kimiyya da ƙere-ƙere. Haka batun zanen mai rai: malamai sun yi magana a kai, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta a abin da ya shafi koyar da yara. Ka zauna da malamin da ka yarda da shi tun kafin ka fara, ba bayan ka buga kwafi ɗari ba.

Na huɗu: jiki da sutura

Yarinya za ka zana, to ta fito a yarinya. Babban mutum tsawonsa ya kai kansa bakwai da rabi zuwa takwas idan aka jera. 'Yar shekara 13 tsakanin shida da rabi zuwa bakwai. Ba ƙugu siriri, ba ƙirji, ba jan baki. Tun da Wonder Woman, jarumar littattafan zanen Amurka, ta fito a 1941 ake kokawa da yadda masu zane ke tsayar da jarumai mata don kallon maza. Gwajin mai sauƙi ne: tsayuwar da ka yi mata, idan ka tsayar da yaro namiji haka zai zama abin dariya? In eh, goge.

Launin fata: ka yi ta baƙa, ko wankan tarwaɗa, irin yaran da ke layinku. Kada ka kuskura jaruma ta zama fara sol, mugu kuma baƙi ƙirin. 'Yan matan da ake tallata wa man bilicin dare da rana ba sa bukatar ƙarin wannan darasi daga gare ka.

Sutura ta zama wadda za ta iya haɗawa da kanta daga abin da ke gida, ta kuma iya gudu da ita. Ita ma Kamala Khan, a cikin labarin, daga rigar ninƙaya mai rufe jiki ta ɗinka tata. Deena Mohamed 'yar Masar ta fara Qahera a intanet a 2013, jaruma mai hijabi, ba wanda ya ce hijabin ya rage mata kwarjini. Kulu tana sa wandon makaranta, riga zuwa gwiwa, ɗan ƙaramin hijabi da ta cusa cikin wuyan riga don kada ya sarƙe, malfa da jan ƙyalle, da ɗamarar jar fata daga ragowar aikin babanta. Takalmi fade, mai saurin cirewa. Dogon hijabi na da kyau a zane idan iska ta ɗauke shi, amma ka tambayi duk wadda ta taɓa hawa kabu-kabu da shi abin da taya ke yi masa.

Idan ka gama, cike siffarta duka da baƙi kamar inuwa. In har ana gane ta a haka, ka dace. Faɗin malfar nan kaɗai ya isa. Launi kada ya wuce uku, don za ka zana ta sau ɗari.

Na biyar: su wa ke kewaye da ita, wa ke yanke shawara

Wannan shi ne zuciyar aikin. Ƙarfin jaruma ba a naushi yake ba. Bi labarinka daga farko, duk inda al'amari ya juya ka tambaya: wa ya yanke shawarar nan? Idan malami ne ya gaya mata abin yi, yayanta ya zo ya fitar da ita, babanta ya yafe a ƙarshe, to labarin maza ka rubuta ka liƙa hotonta a bango. Aƙalla manyan shawarwari biyu su zama nata, ɗaya kuma ta zama kuskure wanda ita za ta gyara.

Wannan ba ya nufin a mai da iyaye abokan gaba ko maza sakarkaru. Baban Kulu yana hana ta fita ne don tsoro, kuma tsoronsa na da hujja. Ta kan yi masa gardama a durƙushe.

Ka ba ta ƙawaye da tsofaffi mata masu amfani. Akwai wani ma'auni da ake jingina wa mai zane Alison Bechdel tun 1985: shin akwai mata biyu a labarin da suka yi magana da juna a kan wani abu da ba namiji ba? A garin da mata ke wuni tare a tsakar gida, abin kunya ne a faɗi wannan jarrabawa. Soyayya kuma a ajiye ta, shekararta 13. Kada kuma a ci zarafin yarinya a shafi don kawai a ba ta dalilin fushi.

Mugun kada ya zo da ƙaho. Nawa mutum ne mai fara'a da kyauta, wanda ya karkatar da bututun unguwa zuwa tankunansa yana sayar wa mutane ruwansu. Kowa na gaishe shi. Wahalar Kulu ba kayar da shi ba ce. Wa zai yarda da maganar yarinya kurma a kan Alhaji? Ka tabbata dai bai yi kama da wani sananne ba, ko a suna ko a fuska.

Na shida: raba labarin a shafi takwas

Takwas na ce saboda lissafin bugu: takardar A4 ɗaya idan aka ninka ta tana ba da shafi huɗu, don haka adadin shafuka dole ya rabu da huɗu. Falle biyu na ciki, ɗaya na bango. Littattafan Amurka kan kai shafi 20 zuwa 22, amma mai farawa da ya ɗauko wannan yakan tsaya a na tara.

Shafi na 1 ranarta ta yau da kullum, a layin famfo da jarka. Na 2 da na 3 matsala ta bayyana, ta ji ruwa na gudu inda bai kamata ba. Na 4 da na 5 ta yi gaggawa saboda tsiwarta, abin ya ɓaci, ta fasa bututu ta jiƙa shagon wani bawan Allah. Na 6 ita da kakarta, shafi mai natsuwa, nan malfa ke fitowa. Na 7 da na 8 ta gyara, da dabararta.

Abin mamaki a ajiye shi a shafi mai lamba cif, 2, 4, 6 ko 8, wanda sai an buɗe ake gani. Idan ka sa shi a hannun dama, ido ya riga ya sata. Wanda zai yi da ajami ya tuna komai zai juya, akwatunan zane, wato gida-gidan da ake raba shafi da su, su ma daga dama za a bi su.

Na bakwai: zanen kansa

Fara da ƙananan gwaji, kowane shafi kamar girman kwalin ashana biyu, mutane kamar tsinke. Akwati huɗu zuwa shida a shafi. Nan ne ake gyara, inda gogewa ba ta da ciwo.

A babbar takarda, rubuta maganganu tukuna, ka zagaye su, sannan ka yi zane a filin da ya rage. Hausa na cin wuri; kumfar magana ɗaya kada ta wuce kalma 20 zuwa 25. Wanda ya fara magana ya tsaya a hagu. Bari mutane su yi maganar garinsu: kaka ta ce "Mi kika yi, ke ɗiyag ga?", Kulu ta ce "Awo, na jiya." Bayanin mai labari kuwa a yi shi da daidaitacciyar Hausa don na Kano da na Damagaram su bi.

Sautuka kada a aro. Harshenmu na da arziki a nan: jarka ta faɗi tim, dutse ya shiga rijiya tsulum, ƙofa garam, bulala tsal, ruwa ya ɓalle shaa. Rubuta su manya, su zama ɓangaren zanen.

Inda ka ajiye idon mai kallo yana magana. Idan ka zano ta daga sama, ta ƙanƙance. Daga ƙasa, ta yi kwarjini. A shafin farko na zana Kulu daga sama, ɗigo a cikin layin jarkoki. A na takwas daga ƙasa, ƙafarta tsirara a kan fako a gaba, malfa ta tare rana.

Fensir HB don zayyana, alƙalamin zane baƙi mai lamba 0.3 da 0.8 don bi, alƙalamin maka mai kaurin baki don cike baƙi. A bazara sa wata takarda ƙarƙashin hannunka, gumi ɗigo ɗaya ya taɓa cinye mini fuskar kaka. Da hunturu rufe alƙalami da zarar ka ɗaga shi, ka kuma kife aikin saboda ƙura. Mai waya zai iya yi da ibisPaint ko MediBang, mai kwamfuta da Krita, wadda kyauta ce. Amma yawancin haruffan kwamik da ake saukewa ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Gwada kafin ka yi nisa, in babu rubuta da hannu, kada ƙafa ta koma kafa.

Na takwas: bugu da rabawa

A shagon kwamfuta ka ce a ɗauki shafukan da sikana a kan 300 dpi, in baƙi da fari ne zalla 600. Kafin a buga, ninka farar takarda biyu ka sa musu lamba, ka warware: za ka ga 8 na zaune da 1, 2 da 7, 6 da 3, 4 da 5. Haka za a jera su. Na taɓa barin wannan ga mai shago, aka buga mini kwafi talatin Kulu ta ci nasara kafin matsala ta zo. Buga ɗaya, ninka, karanta, sannan ka ce a ci gaba. Ciki baƙi da fari, bango kaɗai mai launi, a danne tsakiya da sitefula biyu.

A WhatsApp tura shi a matsayin fayil na PDF, don idan ka tura a hoto ana matse shi rubutu ya dushe. A Facebook shafi ɗaya-ɗaya, rana ɗaya a mako, kada ka saɓa. Sa sunanka da shekara a gindin kowane shafi. Lambar ISBN, wato lambar rajistar littafi, in aikin ya girma, Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa.

Na tara: kai wa masu shi

Kafin bugu na gaske, nemi izinin iyaye ka ba 'yan mata huɗu ko biyar kwafin gwaji. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, kunya za ta sa su ce eh. Zauna gefe ka kalli inda suke saurin buɗewa da inda suke komawa baya. Bayan sun gama ka ce su ba ka labarin da bakinsu. Abin da suka tsallake, bai fito ba. Sannan tambaya ɗaya: da ke ce, me za ki yi a shafi na biyar?

Ɗiyar yayata ta karanta na Kulu a zaune bakin ƙofar kicin, ta kai ƙarshe ta koma shafi na shida ta daɗe. Sai ta ɗago ta ce, "Kawu, jarkag ga da ka zana ba ta da murhi, kahin ta kai gida rabin ruwan ya zube. Kuma kakat ba ta kama da mai cin goro, haƙoranta hwarare." Na karɓi takardar, na nemo jan fensir.